Ranar da Na Toshe Ƙofar Coci da Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin Rifkatu ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Rifkatu ƙanwata ce, autar gidanmu, kuma ita ta roƙa a ɗauko ta daga coci a jar motar Baba.

Motar nan ta girme ni. Kujera biyu gare ta, ba ta da rufi, Baba ya saye ta a hannun wani Bature tun yana soja. Lafiyarta lau, sai dai in ta kai giya ta huɗu takan yi ihu kamar injin niƙa. Ni kuwa (malamin lissafi ne fa, ba makanike ba) na gani a waya wai akwai giyabos mai ƙarin giya, da ka danna maɓalli injin ya huta, mota ta yi ta sulalawa. Na ce wa Baba zan sa mata kafin biki.

"Tun ba a haife ka ba take tafiya a haka," in ji shi. "Amma ga ta nan."

Oga Emeka mai kayan mota a kasuwar Zuru ne ya samo mini. Da zai miƙo mini ya ce, "Malam, ka kai wa makanike, wannan abu yana da wahala."

Na ce, "Oga, na kalli bidiyo."

Sati uku na yi kwance a ƙarƙashin motar nan, kullum daga makaranta sai gareji. Bayana ya ƙage, farcena ya yi baƙi, baƙin mai ya ɗiga mini har a kunne. Ranar Juma'a da la'asar na ɗaure noti na ƙarshe, sai ga wata 'yar wayar lantarki ta rage a kwali. Na juya ta, na rasa inda za ta shiga. Na gaji. Na jefa ta a aljihun tebur.

Da safe na kama hanyar Manga, garin ango, inda za a ɗaura auren. Na danna maɓalli, injin ya yi shiru. Kai! Har ɗaga wa masu babur hannu nake yi kamar ɗan takara.

Bayan an tashi daga coci, Rifkatu ta shigo mota ta zauna kusa da ni, 'yan zumuntar mata na ta guɗa. Na sa ribas don in fita da baya, maɓallin kuwa yana kunne tun daga hanya. Mun kai daidai tsakiyar ƙofar harabar coci sai na ji ƙas! Mota ta kafe. Ba gaba, ba baya, tayoyin baya sun ƙi juyawa. Motar ango, bas ɗin mata da motar abinci duk suna ciki, ni na toshe su.

Na fito na buɗe bonet ina leƙe (ban san abin da nake nema ba, fuskata nake ɓoyewa). Oga Emeka, wanda shi ma an gayyace shi, ya matso.

"Malam, ƙaramin waya ɗin nan, ka sa shi?"

"Tana gida."

"Shi ne ke kashe ƙarin giya in za ka yi baya. Ka fasa giyabos."

A gaban surukai ya faɗa, kuma muryarsa ba ta san raɗa ba.

Rifkatu ta tattare farar rigarta, ta bi ta ƙaramar ƙofa, ta hau babur. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, ba komai." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai da abokan ango suka tuɓe kwat suka ciccibi bayan motar kamar gawar bijimi, sannan hanya ta buɗe. Shinkafa ta isa wurin biki a sanyaye.

Baba ya daɗe yana kallon motarsa. Can ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gaji. Je ka ci abinci."

Har yau motar na kan duwatsu a tsakar gida, kaji na kwana a ciki. Ni dai na koyi darasi: bikin wani ba ya buƙatar abin kallo biyu, amarya ta isa. Yanzu in an yi biki a danginmu, jera kujeru ne aikina, kuma ko su sai wani ya bi baya ya duba.