Ɓeran da Ya Iya Ɗaurin Raƙumi

Ba zan taɓa mantawa da cika-cikin farko bayan aurena ba, ko da na so in manta. Lokacin ina jan raƙuma tsakanin Gure da Damagaram, ba a daɗe da fara ta cinye mana gero ba, nama kuwa sai Sallah ta zo.

A wajenmu in an yi layya, akan ajiye jelar ragon da ɗan soyayyen nama har ranar cika-ciki, a dafa kowa ya ƙoshi don shekara ta shigo da albarka. Matata Fanna ta zuba namu a tukunya, ta rufe da fata, ta ɗaure da igiya, ta rataye. Ta kuma aika garinsu Kelle wai mahaifiyarta ta zo a ci tare.

Wata guda ne fa kacal tsakanin layya da cika-ciki! Ni dai na ce bari in ɗanɗana tsoka ɗaya, in ji ko gishiri ya kama. (Ya kama.) Washegari na koma in tabbatar. Daga nan kullum Fanna ta tafi rijiya sai in kwance, in ɗauka, in ɗaure tsaf. Wallahi ban san ranar da na kai kan jelar ba.

Ranar cika-ciki da la'asar surukata ta iso da ƙwaryar man shanu, maƙwabta suka cika tsakar gida. Ni ina tsugune can gefe, kai a ƙasa, kamar mutumin kirki. Fanna ta sauko da tukunya, ƙulli ya gagare ta. Tsohuwar ta karɓa, ta ja sau ɗaya ya warware. Ƙashi uku ne a ciki, sai ƙamshi.

"Ɓeraye ne," na ce. "Bana sun yi yawa."

Ko kallona surukata ba ta yi ba. Ta juya ga 'yarta.

"Fanna, ɓerayen Gure akwai hankali. Su ci, su rufe, su yi ɗaurin dabaibayin raƙumi."

Mata suka kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Fanna ce kaɗai ba ta yi ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ta yi miya da man shanun uwarta, ta kawo mini tuwo da ƙasusuwan nan uku jere a kai.

Na koyi cewa hannun mutum yakan tona shi kafin bakinsa. Har yau jikokina in sun gan ni da igiya, sai su ce a ɓoye nama.