Mintuna Goma Sha Ɗaya da Aka Raba Mana

Jama'a, yau na ci ribata, mintuna goma sha ɗaya cif, kuma har yanzu ban san inda zan ajiye su ba.

Tun da aka huda mana hanyar mota ta ƙarƙashin teku, aka sallami jirgin fito, manya suka aiko wa tsibirin nan da takarda mai shafi tamanin. A ciki Mai Girma Sarkin Ma'auni ya ɗora amfani a dama, asara a hagu, ya ce dama ta rinjaya: kowannenmu ya samu rarar minti goma sha ɗaya a duk tafiya. Allah ya ƙara wa Sarki basira.

Ina fito da mota da rana sai ga maƙwabciyata Magnhild a bakin titi, da sandarta da jar hularta da kwanon fanke. Shekararta saba'in da takwas, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Mijinta Oddvar yana gidan kula da tsofaffi a tsallake, mantuwa ta ci ƙarfinsa. Kafin a sallami jirgin, shekara uku ta yi kullum tana shiga na ƙarfe biyu na rana ta je ta gan shi.

"Inna, ina zuwa cikin sanyin nan?"

"Zan je karɓo mintunana," in ji ta. "Ramin nasu ba a shigarsa da ƙafa, bas kuma sai Talata da Juma'a."

"Ba ki kai kuka ba?"

"Na kai mana. Wata mai zaƙin murya ta ce sun ƙirga duk masu shiga jirgi, babu ni."

Kuma gaskiyarsu ce. Da tikiti suka yi ƙidayar, mu kuwa a nan mota ke biya, mai ƙafa kyauta yake shiga. Ashe shekara uku Magnhild tana tsallake teku ba tare da ta taɓa tsallakewa ba. Aikin ilimi ke nan, ni wane ne da zan ja?

Na ɗauke ta. Rami dai ya yi kyau, fitilu reras, kafin in gama yabonsa mun fito.

Muka tarar da Oddvar a bakin taga, ya ƙura wa ruwa ido.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Ni ce, Oddvar. Ga fankenka."

"A'a," ya ce da ladabi. "Matata da jirgi take zuwa, tun daga nan nake hango jar hularta. In ita kike nema, zauna mu jira ta."

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, kwano a cinya, suna kallon ruwa. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci, har sai da na fita waje.

Na dawo gida na sake duba shafi tamanin ɗin nan, ban ga tagar Oddvar a hagu, layin asara, ba. Ranka ya daɗe, ba ƙorafi nake ba. Mun ma isa da wuri.