Rasuwar Mai Fito a Tekun Kudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Yashoda Karkera, 'yar masunta daga Malpe, wani garin bakin teku a ƙasar Indiya, wadda yanzu take ita kaɗai a jirginta mai tafiya da iska cikin gasar zagaya duniya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyarta, Mai Fito. Marigayiyar ta cika ranar Talata da hantsi, can kudu da Ostareliya, inda babu maƙwabcin da za a aika a aro tasa.

Tukunyar tururi ce ta ƙarfen alminiyam, mai hannu ɗaya da aka ɗaure da waya. Ta shiga gidan Karkera tun kafin a haifi Yashoda, cikin kayan auren mahaifiyarta Girija, kuma ba a taɓa jin ta kwana da fushi ba. Duk unguwa an san muryarta. Takan fara da gunaguni, sssss, kamar tsohuwar da ke neman a kula ta, sannan ta saki fiiiiit! har hankakin kan rufi su watse.

Lokacin da sauran 'yan gasa ke loda busasshen abincin leda wanda ruwan zafi kawai yake so, Girija ta shinshina ɗaya ta mayar. "Wannan ko karen bakin teku sai ya yi tunani," in ji ta. Ta cika jirgin da shinkafa da wake iri-iri, ta rungumo Mai Fito ta ɗora a hannun 'yarta. Aka auna gas ɗin tafiya bisa halin marigayiyar, mai dafa wake kafin a gama daka yaji. Aka haɗo robar murfi har uku, domin kowace 'yar gidan kirki ta san roba ce ke fara mutuwa. Babu wanda ya tuna da 'yar hular ƙarfen da ke zama kan murfi tana riƙe tururi. A Malpe ba ta taɓa ɓata ba. Iyakarta ta faɗa ƙarƙashin kabad.

Wata huɗu Mai Fito ta yi tana hidima a ɗaure kan murhu. Igiyar ruwa ta kwantar da jirgi, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ranakun da iska ta ɗauke, Yashoda ta yi mako ba ta ji muryar mutum ba, Mai Fito ce ke magana, kuma an shaida cewa ana amsa mata.

Ciwon ajali ya fara ne da gaggawa. Hadari ya taso daga yamma, wake na kan wuta, Yashoda na so ta ci kafin ta fita rage ƙyallen iska. Sai ta yi abin da kowace mace a ƙasarsu take yi, kuma kowace uwa take hanawa: ta sa cokali ta ɗaga hular don tururi ya fita da wuri. A daidai nan teku ya bugi jirgin. Hula ta yi tsalle, ta bi ƙofar da ke buɗe, ta tafi ko sallama babu.

An yi iya ƙoƙari. An ɗora mata noti, ta tofar. An naɗe notin da waya, an ƙara masa nauyi, ta yi shiru, shirun da ba a san ta da shi ba. Sai kuma ta yi wata ƙara, bum, miyar wake ta manne a rufin ɗaki, murfi ya lanƙwashe kamar busasshen kifi. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Da labari ya isa gida ta rediyo, Girija ta ce, "Da cokali kika ɗaga, ko? 'Yar nan, juyo gida. Kawunki Sheena ya yi dariyarsa, ba za ta kashe mu ba." Shi ne wanda ya ce macen gidansu a bakin gaɓa take tsayawa da kwandon kifi.

Marigayiyar ta bar murhu ɗaya, ludayi ɗaya, robobi uku da ba su taɓa ganin wuta ba, da buhunan wake masu taurin tsakuwa. Ta kuma bar Yashoda, da tafiyar wata uku a gabanta, da gas ɗin da buɗaɗɗiyar tukunya za ta cinye cikin makonni kaɗan. Dokar gasa ba ta yarda a tsaya ba, ba ta yarda a karɓi ko allura daga hannun kowa ba. Tashar da za a iya ajiye gasa tana arewa. Hanyar gida ta gaskiya, wato ta ƙarasa gasa, tana gabas, ta bayan Cape Horn a ƙarshen Kudancin Amurka. Kwana biyu Yashoda ta yi tana tauna jiƙaƙƙiyar shinkafa, hannunta kan sitiyari, tana kallon arewa tana kuka.

Game da jana'iza, ba za a jefa marigayiyar a teku ba. An yi mata wanka da ruwan gishiri, domin na sha ya yi kaɗan. An zuba mata tafi ɗaya na koren wake a ciki, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Saboda sanyin nan ba ya barin komai ya tsiro, an kwantar da ita cikin bargon Yashoda, manne da cikinta, aka ce addu'ar uku ce za ta raba gardama: in wake bai tsiro ba, a juya arewa.

Yau aka buɗe. Yawancinsa ya yi yauƙi. Amma a gefen da ke taɓa jiki, 'yan ƙwayoyi sun fitar da farin wutsiya. An cinye su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, an sake zuba wani tafin.

Za a ci gaba da zaman makoki a cikin jirgin, wanda har yanzu hancinsa ke kallon gabas. Ana karɓar ta'aziyya ta rediyo ranar Lahadi. Ba a bukatar furanni. Duk wadda tukunyarta ke kan wuta a Malpe, ta matso da ita kusa da abin maganar rediyo, a ji fitonta.