Rasuwar Sandar Kurna ta Malam Yusufu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Yusufu Liman na Faru suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki a Maradun, Bakura da Talata Mafara rasuwar abokiyar tafiyarsa, Sandar Kurna, wadda ta karye gida biyu ranar Litinin a bakin gonar shinkafa. Kowa ya ji labari ban da mutum ɗaya, mahaifiyarsa Inna Marka, kuma ana roƙon kada wanda ya riga Malam kai mata.

Marigayiyar 'yar asalin tsohon gari ce, wanda ruwan madatsar Bakolori ya shanye. Reshe ce daga kurnar tsakar gidan Inna Marka. Ranar tashi daga garin, kowa na ɗaure tukwane da tabarmi, Malam ya hau bishiya da gizago, jama'a suka ce wayyo, ɗan Liman ya zautu. Malamin allo ne, ba masassaƙi ba, sassaƙar sha'awa ce kawai, kuma ludayoyinsa duk a karkace suke fitowa. Ita kaɗai ta fito sambal. Ya kankare ta, ya gasa ta a wuta, ya shafe ta da man shanu har ta yi ja.

Ta yi rayuwa ta biyayya. Malam mutum ne mai yawon da ba aike ba, ba kasuwa ba, a bi turba kawai a ga inda ta ɓulle, abin da matarsa Zuwaira ba ta gane ba har yau. Marigayiyar ta raka shi kan duwatsu da ƙoramu, ta auna masa zurfin ruwa, ta kakkaɓo wa yara kanya, ta taɓa shiga tsakaninsa da kububuwa. Ba ta taɓa dukan ɗalibi ba. Maganarta ba ta wuce "ƙwas, ƙwas" a kan dutse, "tuf, tuf" a rairayi. Da wannan muryar Inna Marka, wadda idanunta suka mutu, take gane ɗanta ya iso gaisuwar Juma'a. Takan karɓi sandar kafin ta amsa masa, ta shafa ta daga kai har ƙasa, ta sansana, don duk duniya ita ce ragowar gidanta.

Jinya ta fara ne shekarar da albasa ta yi albarka Malam ya sayi babur. Man da ake shafa mata ya yanke, na inji ya samu gindin zama. Aka jingine ta bayan rumbu, rana ta buga, ruwa ya buga, sai Juma'a a ɗauko ta a kaɗe ƙura, a ɗaure ta a bayan babur, a sauke ta a ƙofar Inna a ƙwanƙwasa ƙasa kamar da ƙafa aka zo. Ta tsage, Malam ya gani, ya ce gobe.

Ranar Litinin babur ya kafe a taɓo, marigayiyar na ɗaure a bayansa tun Juma'a, an manta ba a kwance ta ba. Ga manoma a kusa, kira ɗaya ya isa, amma kunya ta hana malami a gan shi yana kokawa da laka. Ya cusa ta ƙarƙashin taya ya danna. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas!" Babur ya fito lafiya lau.

Tun ranar Malam bai ci tuwon kirki ba. Ba ya cewa ajali ne, ya san hannun da ya yi. Ya sassaƙa wata da reshen bishiyar dogon yaro, ya shafe ta da mai, Zuwaira ta sansana sau ɗaya ta tuna masa cewa ido Inna ta rasa, ba hanci ba. Ya jefa ta murhu, kunya ta ƙaru kan kunya.

Ta rasu ta bar gizagon da ya haife ta, ludayi uku marasa lafiya, takalman fata da suka tsufa tare, da babur, wanda ba a gayyace shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Za a naɗe ta a tsohon rawani, a ɗauke ta da ƙafa daga Faru zuwa gidan Inna Marka. Masu ta'aziyya su tsaya a zaure. Malam zai shiga shi kaɗai, ba sallamar sanda, ya durƙusa, ya jira tsohuwa ta miƙo hannu.