Ranar da Hukuma Ta Wanke Pak Darmansyah

Duk garinmu Pontianak, daga bakin kogin Kapuas har inda kwalta ta ƙare, babu wanda ya san kifi kamar Pak Darmansyah. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in akwai masu sauraro. Sana'arsa sayar da tayil ɗin banɗaki, amma wannan ta neman abinci ce kawai. Ainihin aikin da ya kawo shi duniya shi ne kiwon jan kifin nan da ake kira arwana, guda ɗaya, a akwatin gilashin da ya cinye rabin falonsa. Shi ya sa a shagon kofin Koh Aliong muke ce masa Sarkin Ruwan Falo. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi, ya dai roƙa a riƙa cire "Falo" in akwai baƙi.

Kifin sunansa Mai Girma. Jatan lande sai an ɓare masa, gyare sai an zaɓo masu ƙiba. Matar gidan, Bu Halijah, ta daɗe da sanin matsayinta: in aka ɗauke wuta, janareto na kifi ne, ita kuwa ga mafici nan.

To, arwana ba baƙon abu ba ne a garinmu, Koh Aliong ma yana da nasa a bayan kanta. Doka ta yarda ka ajiye wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo mai rajista. Wanda ta hana shi ne na daji, da ake kamowa daga tafkunan can saman kogi, don sun kusa ƙarewa. In aka same ka da shi, a ƙwace kifin, kai kuma ka wuce gidan yari. A nan Pak Darmansyah ya hango ɗaukaka. Wani mutum ya zo masa yana raɗa yana waige-waige, ya ce yana da ɗan asalin tafki, kuma ba ya sayarwa sai ga mai zuciya. Sarkin Ruwa ya biya, ko tayawa bai yi ba. Mutumin ya roƙe shi ya kama bakinsa. Ya yi alkawari, ya kuma riƙe alkawarin nan gam har zuwa karin kumallo.

"Naku ai kajin gidan gona ne," in ji shi a shago, yana tsoma soyayyiyar ayaba cikin kofi. "A siminti aka haife su, a siminti suka girma. Nawa kuwa ku je ku dubi idonsa. Idon wanda ya yi arba da kada ne. Amma fa sai mai ilimin abin zai gane, Koh, ba mai tafasa ruwa ba."

Muka ce gaskiya ne, Pak. Duk ranar da aka yarda da shi, shi ke sayen kofin kowa.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar masu kiwon kifi ya matso, sai shagon ya yi masa kaɗan. Ya sa aka ɗauke shi bidiyo a waya yana tsaye gaban gilashi, ya sanar da duniya cewa shi kaɗai ne mai arwanan daji a birnin nan, don haka shi ya cancanci kujerar. Duniya ta gani. Hukumar kare namun daji ma a duniya take, ta aiko cewa tana tafe ranar Alhamis.

Da farko ya tsorata. Sai ya lura a kasuwa an fara gaishe shi da hannu biyu. Ashe wanda hukuma ke nema babban mutum ne! Ranar Alhamis ya saka rigar batik ta zuwa biki, ya sa Bu Halijah ta haɗa masa jaka da maganin hawan jini, aka jera kujeru a ƙofar gida. Unguwa ta cika, har da masu zaɓe.

"'Yan'uwa," ya ce, hannu a ƙirji, "in an tafi da ni yau, kada wanda ya zubar da hawaye. Ba sata na yi ba. Laifina ɗaya ne, na ƙi ajiye abin da kowa ke ajiyewa. Halijah, ki riƙe gida."

"Da can wa ke riƙe da shi, maigida?" ta ce, amma tafi ya danne muryarta.

Jami'ar da ta zo, Bu Marselina, ko zama ba ta yi ba. Ta sa aka lallaɓo Mai Girma cikin leda mai ruwa, ta fito da wata na'ura kamar rimot. Ta yi bayani cewa duk arwanan gidan kiwo ana cusa masa ɗan ƙarfe mai lamba a ƙarƙashin fata, bai fi ƙwayar shinkafa ba, na daji kuwa ba shi da komai. Ta goga na'urar a bayan kifin. Pak Darmansyah ya miƙa hannuwansa biyu yana jiran ankwa.

Na'ura ta yi tit.

Ta duba lambar a wayarta, ta yi murmushi. "Kwantar da hankalinka, Pak. Na gidan kiwo ne, wancan na bayan gada. Naka ne halak malak. Ka dai leƙo ofis a mayar da rajistar da sunanka."

"Na bayan gada?" in ji Koh Aliong daga cikin taro. "Ai can na sayo nawa! Ashe surukai muke, Pak!"

Wallahi na tausaya wa Pak Darmansyah. Ya ce na'urar ce ta lalace. Aka sake gogawa, ta sake yin tit. Ya ce wataƙila haɗiye ƙarfen kifin ya yi a tafki. Masu zaɓe suka fara laluben takalmansu.

Ya bi jami'ar har bakin mota, ya rage murya, abin da ba mu taɓa jin ya yi ba. "Bu, don girman Allah, ki tafi da ni ko zuwa kwanar can ce, zan dawo a ƙafa. Ko tara ce ki ci ni a gaban mutanen nan."

Baiwar Allah ta ɗauka tsoro ne bai sake shi ba. Don ta faranta masa rai sai ta juyo wajen taro, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Jama'a, ku yi koyi da Pak Darmansyah! Ba shi da laifin komai, kifinsa irin na kowa ne."