Hawayen Kwalba a Bikin Rahinatu

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da aka kai Rahinatu ɗakin miji ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu Nima ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa kasuwa sai wata ta ɗaga murya ta ce, "Mma Kwalba, ina kwana?" Ni kuwa in amsa, don na lura in na yi shiru dariyar ƙaruwa take yi.

Bari in faro daga ido. Ni tela ce, shekara da shekaru ina kan keke, fanka a kaina, ido a kan allura, in na tashi kuma in koma kan waya. Ana saura 'yan makonni biki sai idanuna suka fara yi min wani iri, kamar an watsa min yashi. Da yamma su yi ja, su yi zafi, zare ya rabu biyu a gabana. Na sa kwalli, na ƙara kwalli, na canja zuwa na Makka wanda wata hajiya ta ba ni tsaraba. Abu ya ƙi. Sai na lallaɓa asibitin ido ban gaya wa kowa ba.

Likitar wata siririyar mata ce mai fara'a. Ta haska min fitila, ta maƙala min 'yar takarda a gefen ido ta ce in rufe. Da ta cire ta duba, sai ta ce da ni, rabi Turanci rabi yaren Twi, idona ya bushe, hawayena ba sa isar sa, ɗan wanda ke akwai ma saurin ƙafewa yake yi. Ta ba ni wata kwalba da ba ta wuce ɗan yatsa ba, ta ce hawaye ne na haɗi, in riƙa ɗigawa. Ta ci gaba da bayani mai tsawo (na san ta yi ne don na ga bakinta na motsi), amma ni tun daga "hawayenki ba sa isa" kunnena ya toshe. Da ta tambaye ni ko ina da tambaya, na ce babu. Ni mace ce da ba ta son a ga ba ta gane ba, kuma wannan halin ya sha ja min.

Kafin trotro, motar hayarmu, ya sauke ni na riga na yanke wa kaina hukunci biyu. Na farko, makanta na tafe. Na biyu, hawayena sun ɗauke kamar famfon layinmu, kuma wannan karon babu ranar dawowa. Tsoro ya kama ni sosai, ba wasa ba. In ina tafiya sai in rufe ido ɗaya in gwada karanta allon shaguna. Ran nan har na gwada yawo a ɗaki ido rufe, wai ina koyon zaman makanta tun da wuri, na buga ƙaurina da ƙafar keke na yi kwana biyu ina ɗingishi. Na shiga waya na bincika, na ga hotunan da suka sa na kasa cin abinci.

Ƙawata Fuseina, mai sayar da wace, wato shinkafa da wake, a gefen shagona, ita na fara lallaɓawa. Na ce wata ƙawata ce ke fama da bushewar ido, me ya kamata ta yi?

Ta dube ni sama da ƙasa tana zuba wa wani mai saye yajin shito. Ta ce, "Ei, wannan ƙawa naki, idonshi ja ne kamar naki? Ki ce mashi ya sa zuma."

Ban sa zuma ba, Allah ya taimake ni a nan. Kwalbar likita na riƙa ɗigawa a ɓoye, kuma gaskiya yashin ya ragu. Amma abin da ya fi makanta hana ni sukuni shi ne bikin Rahinatu.

Rahinatu 'yar yayana ce. Uwarta ta rasu tana goye, ubanta ya bi bayanta ba da daɗewa ba, ni na riƙe ta tun ba ta iya ɗaure zani ba. A lokacin yayar uwarta, Hajiya Memuna ta Kumasi, ta so ta tafi da ita, na ce atafau ba inda za ta. Tun daga nan ake gaisawa da haƙori kawai. Kuma ni ban yi wa kaina kyakkyawan suna ba, don ina da faɗa, ina da tsawa, ban iya lallashi ba. Dangin Kumasi sun daɗe suna cewa ba riƙo na yi ba, 'yar aiki na samu a shago.

To a wurinmu kun san yadda ake yi. In an gama yi wa amarya nasiha za a fita da ita, uwar riƙo kuka take yi, kuma kowa ita yake kallo. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma ba a yafe shi. Akwai wata mata a unguwar Maamobi da ta aurar da 'yar riƙonta ido a bushe, yarinyar yanzu ta kusa aurar da tata 'yar amma har yau in an ambaci matar sai wata ta ce, "Wadda ta sauke kaya?" Ni ina son Rahinatu fiye da raina, ban dai taɓa iya faɗa mata ba. Rana ɗaya tak da zan nuna mata a gaban jama'a, ita ce kuma likita ta ce min rijiyar ta ƙafe.

Na yi gwaji, kar ku ce ban yi ba. Na zauna gaban madubi na tuno marigayi yayana, na tuno duk wani baƙin cikin da na taɓa sha, na matse fuska. Babu ko ɗigo. (Yanzu na san ba mai iya kuka yana leƙen kansa ko ya fara, amma a lokacin sai na ce shi ke nan, magana ta tabbata.) Na yi tunanin albasa, na ga ba zan shiga ɗakin amarya da leshi mai tsada ina warin miya ba. Sai idona ya faɗa kan kwalbar. Likita da bakinta ta ce hawaye ne. To me ya rage?

Ranar Lahadi aka toshe layi da kanofi, aka jera kujeru, masu kiɗa suka kafa kaya, mata suka fito cikin anko da na kwana biyu ina ɗinkawa. Dangin ango masu son a san da su ne, sun ɗauko wata mata mai ɗaukar bidiyo, suka kafa ƙaton talabijin a ƙarƙashin kanofi don waɗanda ɗaki bai ɗauke su ba su ga abin da ake yi a ciki. Na san da talabijin ɗin. Ni ce ma na ce a matsar da shi inda kowa zai gani.

Bayan La'asar aka shigar da amarya ɗakina, lulluɓe, lalle ya kama raɗau. Aluwanka, matar da ke kula da amarya, ta zaunar da ita, tsofaffi suka fara nasiha ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Memuna ta yi tata, ta ambaci marigayiya ƙanwarta, hawaye suka zubo mata shar, ba ta ko wahala ba. Tana sharewa tana kallona ta gefen ido. Saura mutum ɗaya a zo kaina.

Sai na yi kamar kuka ya ci ƙarfina. Na ja mayafi, na juya baya, na matsa lungun da ke tsakanin gado da wadrob. Na zaro kwalbar daga cikin rigata, na ɗaga kai sama, na buɗe ido da yatsa kamar yadda aka koya min. Likita ta ce ɗigo ɗaya. Ni na ce wannan ba ranar ɗigo ɗaya ba ce. Na matsa wa na dama, na matsa wa na hagu, na koma na dama don kar ya zama an yi rashin adalci, har na ɗan ɗiga a kumatu don a ga hanya.

Abin da na manta shi ne wadrob ɗin nan ƙofarsa madubi ce tun daga sama har ƙasa. Mai bidiyo kuwa, baiwar Allah, ta ga uwar riƙo ta juya baya don kuka, sai ta ce ga hoto mai taɓa zuciya, ta karkata kyamara kan madubin ta jawo fuskata kusa.

Na juyo fuska sharkaf, na rushe da kuka. "Wayyo Rahinatu! Wayyo 'yata, za ki bar ni!" Na ji daɗin yadda muryar ta fita. A daidai nan na ji wata irin hayaniya daga waje, na ɗauka tausayi ne ya ratsa jama'a, sai na ƙara murya. Can na ji mai gabatarwa a lasifika yana cewa, "Jama'a, asem ya faru, babbar magana! Mma ya kawo nashi hawaye daga kemis! A tafa mashi!" Kuma wallahi aka tafa.

Fuseina ta faɗo ɗakin tana haki, ɗankwali a hannu. "Cale, ƙawa, ɓoye kwalba! Duka Nima ya gan ki, fuskanki ya cika telebishin paa!"

Ɓoye me? Tana nan a hannuna, ko murfin ban mayar ba. Dariyar waje sai shigowa take ta taga. Hajiya Memuna ta miƙe a hankali, ta zo ta zare kwalbar daga hannuna, ta ɗaga ta sama tana jujjuyawa.

Ta ce, "Ikon Allah. Hawayen ma sai kin saya?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, kuma na san shi ke nan, na ba dangin Kumasi labarin da za su ci har jikoki. Na buɗe baki in yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi zuwa. Sai na ji kaina ina cewa, da ƙaramar murya, likita ce ta ce hawayena sun ƙare, kuma ina jin makancewa zan yi, kuma ban so yarinyar nan ta fita daga gidana tana zaton ban damu ba.

Ba a san amarya da magana a wannan zama ba, balle yaye lulluɓi. Rahinatu ta yi duka biyun. Aluwanka na cewa "Ke! Ke!" ita kuwa ta ɗaga mayafin ta dube ni, idonta ya yi jawur.

Ta ce, "Mma, ɗaki ɗaya muke kwana fa. Na ga kwalbar tuni, na kai kemis na tambaya. Ba makanta ba ne kuraa, ko kaɗan." Ta ja hanci. "Ni abin da ke damuna, kina mantawa da ɗigon rana. In na tafi wa zai riƙa lura ko kin sa?"

Ban san daga inda suka fito ba. Sai ga hawaye masu zafi, masu gishiri, ba irin na kwalba masu sanyi ba. Na durƙusa na rungume ta ina kuka irin mummunan nan, mai majina, mai shessheƙa, wanda ba wadda za ta so a ɗauke ta a bidiyo tana yi. (An ɗauka. Yana wayar kowa.) Na ɓata mata hoda, na jiƙa mata leshi, na gaya mata abubuwan da na shekara ashirin ina haɗiyewa. Motar ango ta yi ta hon a bakin layi, ni ko a jikina. Sai da mata uku suka ɓamɓare ni.

Ina zaune a bakin gado ina jan numfashi, Hajiya Memuna ta zauna kusa da ni. Sannan ta miƙo min hankicinta ta ce, "Wannan kam na gida ne." Ta sunkuyo kusa da kunnena. "Wannan abin, yana maganin yashi-yashi a ido? Ni ma nawa na damuna da yamma." Na ce ta je asibiti a duba ta, kar ta yi irin tawa. Ta ce to, amma ba ta maido min da kwalbar ba sai da na tambaya.

Da na koma wurin likita na ba ta labari, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce ruwan da ke jiƙa ido kullum shi ne ya yi min ƙaranci, na kuka kuwa ba ta taɓa cewa ya ƙare ba, kuma in na kiyaye, ni da makanta sai dai mu gaisa daga nesa. Ta ce ai duk ta faɗa min wannan a zuwan farko. Na ce haka ne, na tuna. Wannan karon na yi tambayoyi har sai da ta fara kallon agogo. Na juya fanka daga fuskata, na rage waya, na haƙura da kwalli, ina ɗora tsumma mai ɗumi safe da yamma. Ciwon bai tafi ba, mun dai saba, kamar maƙwabcin da ba ka so amma kuna gaisawa.

Darasin da na koya bai da yawa. In likita na magana, ki saurara har ƙarshe, in ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba. In kuma kina son mutum, ki faɗa masa tun kuna ku biyu a ɗaki, kar ki jira sai an kafa kanofi an kawo talabijin. Yanzu kullum bayan Azahar wayata sai ta yi ƙara, Rahinatu ce daga gidan mijinta a unguwar Kanda: "Mma, kin sa?" In ce na sa, ko da ban sa ba. Sau da yawa ma in na ajiye wayar sai in tarar idon ya riga ya jiƙe da kansa.