Awon Kunnen Kaka

"...lafiya lau muka kwana, sai da na ga fuskarka safiyar ta lalace," in ji Kaka, tana kakkaɓe takalmi a bakin ƙofa.

"Ni na yi asara, da aka haɗa ni da tsohuwa. Shigo, amarya mara haƙori."

"Goma sha ɗaya ne, kuma duk nawa ne. Kai fa, gashin kanka wa ka ba aro?"

Jikanta ne, ɗan babbar 'yarta, wanda kowa a gida ke kira Injiniya. Shekara huɗu ke nan yana abu ɗaya a jami'a, wai auna kunnuwan mutane. Ɗakin aikin nasa babu taga, an lulluɓe bangon da soso mai tsini-tsini, ga kujera ɗaya a tsakiya, lasifikoki sun kewaye ta sama da ƙasa. Kaka ta yi gyaran murya, ta ji muryar ta mutu nan take a bakinta.

"Wannan ɗaki ko kabari? Maigidan kirki zane yake saya wa matarsa, kai kuma kunnena kake nema."

"Kunnen ne kaɗai bai tsufa ba a jikinki. Zauna in gaya miki. Kin ga lanƙwasar nan ta fatar kunne? Kowa da irin tasa. Ita ke juya sauti kafin ya shiga, ƙwaƙwalwa ta gane daga sama ne ko daga baya. In na auna naki, sai in sa miki abin saurare, ki ji ƙara tamkar a ɗakin take, alhali a cikin kunnenki take."

"To me zai ƙare ni da shi?"

"Ke ba komai. Duk kunnuwan da muka tara na matasa ne, muna neman na mutanen da suka ga farkon duniya."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Makon jiya wani mai babur ya kusa goge ta a babban titi, a hanyarta ta zuwa wurin yayarta da ke kwance shekara biyu. Kullum da hantsi take zuwa, ita ke taje mata kai, ita ke juya ta. Tun ranar 'yarta ta kafe cewa kunnen Kaka ya tafi, ba za ta ƙara fita ita kaɗai ba. Injiniya ya rantse aikinsa ba gwajin asibiti ba ne, amma Kaka ta san duk abin da aka gani a ɗakin nan zai riga ta isa gida.

"Cire ɗankwalin," in ji shi.

"Ka ji mara kunya. Kakanka ma sai da ya yi shekara yana lallashi."

"Ƙa'ida ce, kowa kai a buɗe ake auna shi. Ba mai ganin furfurar sai ni, ni kuma na riga na haƙura da ke."

Ta kwance shi tana mita, ta ɗora a cinya. Ya saka mata wasu 'yan makirufo kamar ƙwayar wake a ramin kunnuwa, lasifikokin suka yi ta shewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama ya cire su, ya cusa mata abin saurare, ya ce ta rufe ido, in ta ji ƙarar makullai ta nuna inda take.

"Baya," ta ce.

"Gaba ne."

"Sama, ta dama."

"Ƙasa ne, Kaka."

"Na'urarka ce ta yi gadonka, ba ta san gabanta da bayanta ba."

Sau goma aka yi, uku ta dace. A na ƙarshe Injiniya ya tsura wa kwamfuta ido yana shafa gemu. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Tsoro ya kama Kaka sosai, don tun da aka haifi yaron nan bai taɓa barin ta ta faɗi ba tare da ya yi mata dariya ba.

"Ka yi mini tsiya mana," ta ce a hankali. "Ko har na kai inda ake jin tausayina?"

"Ba haka ba ne. Wataƙila..."

"Bari. In uwarka ce da gaskiya, sai a gaya wa yayata ta nemi mai taje mata kai."

Ta zare abin sauraren, ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura yadda ta saba, ta ja shi ya danne saman kunnuwan ya manne su da kai, ta ƙulle a ƙeya. Injiniya ya zagaya zai kwance wayoyi, biro ya suɓuce masa daga aljihu.

"Ɗauki abinka, ga shi can bayana ta hagu, gindin kujera," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Ya tsaya cak. Ya dubi biron, ya dubi ɗaurin.

"Kaka, tun yaushe kike ɗaura shi haka, a kan kunne?"

"Tun uwarka ba ta zo duniya ba. Da shi nake wuni, da shi nake kwana. Sai yau da wani mai sanƙo ya tuɓe ni."

"Shekara sittin ke nan ƙwaƙwalwarki na saurare da kunne a danne! Ni kuma na auna wanda ba ki taɓa ji da shi ba."

"Wato kunnen baƙuwa ka ba ni, ka ce in gane hanya da shi."

"Koma ki zauna, kada ki taɓa ɗaurin."

Aka sake awon da ɗankwali a kai. Makullai suka yi ƙara, ta nuna gaba. Suka sake, ta nuna sama. Sau goma, tara ta dace, na goman ma ta ce shi ya yi tari.

"Mata nawa ka auna a ɗakin nan?" ta tambaye shi.

"Sun kai arba'in."

"Duk ka sa sun cire?"

Ya dafe kai.

"Shekara huɗu, da digiri har uku, ba ka taɓa tambayar mace yadda take ɗaura kanta ba. Allah ya sa dai ba kai za ka auna mini likkafani ba."

"Zan kira su duka a sake. Kuma yau zan gaya wa Mama, da bakina, cewa kunnenki ya fi nawa."

"Ka gaya mata da ƙarfi, ita ce ba ta ji."

Ya rako ta har bakin babban titi, hanyar zuwa wurin yayarta. Rana ta ɗaga, motoci na ta wucewa, ga masu babur na kutsawa ta ko'ina. Ya miƙa hannu zai kama nata, ta maƙe kafaɗa. Ta tsaya, ta ɗan karkata kai tana saurare, sannan ta taka. Zuciyarsa ba ta ba shi ba, ya lallaɓa ya bi ta a baya, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar ɓarawo.

"Taku uku, ta dama," in ji Kaka, idonta na kan hanya. "Takalmin hagunka na kuka. Koma bakin aikinka."

Injiniya ya fashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama, uwargida! Ki gaishe da Kaka Babba."

Ya koma gefen titi ya tsaya, yana kallon ta har ta haye ita kaɗai.